Tauren Jamila Ya Shiga Habbanaye

Jama'a, yau ko gaisuwata ba a amsa ba a gidana, kuma laifin tattalin arzikin duniya ne.

Kun san Dokta Hafizu, ɗanmu na Kurfai. Tare muka yi lakwal, wato makarantar boko, a nan Filinge, shi a bencin gaba, ni kusa da ƙofa. Ya wuce Yamai, ya wuce Turai, ya ƙare a wani babban banki mai ba ƙasashe rance da shawara, shawarar ta fi yawa. Can ya yi suna da bayanin habbanaye, al'adar nan ta Fulaninmu: a ba talaka aron akuya, in ta haihu ya riƙe ƴaƴan ya maido uwar. Turawa suka yi ta tafi, banki ya aiko da kuɗin awaki.

Awakin dai ba mu gan su ba. Amma Masu Girma na biro, ofishin da aka danƙa wa kuɗin, sun yi ɓulɓul, Allah ya ƙara musu lafiya.

Kwatsam aka ce Dokta na tafe ya ga awakinsa da idonsa. Sai ga maƙwabcina Tahiru, direban biro, yana haki.

"Magagi, ara muna dabbarka. Tsayuwa kawai za ta yi a hoto, kahin la'asar ta dawo."

"Taure ne hwa! Matata Jamila ka kiwo nai, shi za a yanka ranar sunan jikanmu."

"Wa zai leƙa ƙarƙashi? Manya sama suke dubi."

Jamila na kasuwar Baleyara, ni kuwa na kwance igiya.

Taro ya yi taro. Dokta ya gane ni, ya rungume ni, ƙamshinsa har yanzu yana rigata. Da ya ga awakin aro reras sai idonsa ya ciko, don shi bawan Allah da gaske yake. Ya kama igiyar wanda ya fi ƙiba, wato tauren Jamila, ya danƙa wa Dijatu, wata tsohuwa ta unguwarmu.

"Inna, ki riƙe ta har ta haihu."

Na yi gyaran murya. Wani Mai Girma ya watso mini harara, na mayar da ita tari.

Da yamma na je wurin Dijatu.

"Dokta da bakinai yac ce sai ta haihu," in ji ta. "Ni ba ni saɓa ma mai ilimi."

Na je biro. Ranka-ya-daɗe shugaban biron ya ce hoto ya riga ya isa banki, kuma dabbar da ta shiga hoto ta zama ci gaban ƙasa. Wallahi raina ya ɓaci, amma godiya na yi na fito.

Suna dai jibi ne, turke babu kowa. Dokta kuwa na ji za a ƙara masa girma, kuma ya cancanta. Wanda ke da lambarsa ya tambayar mini: a lissafin bankinsu, wata nawa taure ke yi kafin ya haihu? Jamila na jiran amsa, wuƙa a hannu.