Birkin da Ya Raka Gawa

A shekarun da nake tuƙa tsohuwar a-kori-kura a Samaru, tun Turawa ba su tafi ba, fis ɗin fitilar birki ya ishe ni da ƙonewa. Baba Sande, makanikenmu na Sabon Gari, ya ce in kawo ya duba. Na ce masa, "Baba, waya biyu ce fa, ba tiyata ba." Na cire fis ɗin, na jona wayar da wata da ta yi mini kama da ita, na goge hannu, ban ko gwada ba.

Washegari maƙwabcina Malam Tanimu ya rasu, aka roƙe ni in kai gawarsa wurin danginsa a Muciya. Liman da dattawa suka zauna a baya, kowa kansa a sunkuye.

A ramin farko na taka birki, sai odar motar ta ɗauki kuka. Ashe da wayarta na haɗa. Jaki ya gitta, oda. Muka zo hanyar jirgi, oda. Mata suka fara leƙowa daga gidaje, har wata ta rangaɗa guɗa.

Liman ya ƙwanƙwasa gilashi, ya ce, "Direba, mamaci muka ɗauko, ba amarya ba."

Na taka birki in yi masa bayani, oda.

Har yau, duk zaman makokin da na je, sai wani tsoho ya matso ya raɗa mini, "Malam, in tawa ta zo, don Allah a kai ni a kafaɗa."