Salkar da na bari a ƙasar Fir'auna

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da ƙishirwa ta kashe ni a cikin buro, wato ofis, fanka tana juyawa a kaina.

Wani poroje ne, irin ƙungiyoyin aikin raya karkara, a nan Gure yake neman wanda zai riƙa yi wa motarsu jagora zuwa rijiyoyin Alakoss. Ni kuwa raƙumana sun ƙare, aikin nan nake so ido rufe. Da na je buronsu, na tarar da patoron, wato shugaban wurin, Mushe Ari, da sakatariyarsa Madam Falmata sun duƙufa kan wani tsohon ordinater, wato kwamfuta. Wasa ne, babu hoto ko ɗaya, rubutun Faransanci kawai. Na'ura ta faɗa maka inda kake, kai ka rubuta abin da za ka yi. Wai an ajiye ka a hamadar Masar, ka nemo kabarin Fir'auna.

"Yauwa, ga masanin daji," in ji Mushe Ari. "Malam, zo ka fitar da mu."

Na gyara rawani, na ce ban taɓa ɓata ba tun da aka haife ni (ba wanda ya tambaye ni).

Madam tana karantawa tana juya mini da Hausa. "Kana cikin yashi. Ga salka cike da ruwa a ƙasa. A ɗauka?"

"A'a. Salka a daji tana da mai ita, zai dawo. Mu ba mu taɓa kayan mutane. Arewa."

"Baba, ka tabbata?"

"Yarinya, rubuta arewa."

Muka yi arewa. Yashi. Gabas. Yashi. Na ce a nemi kwari a tona, na'ura ta ce ba ta gane ba. Na ce a duba sawun dabbobi, nan ma ba ta gane ba. Direba da mai gadi duk sun shigo kallo.

Can Madam ta rufe baki da mayafi.

"Me na'urar ta ce?"

"Baba... ka rasu."

Direba ya ɗaga hannu ya shafa mini fatiha.

An ba ni aikin, don babu wani. Amma har yau Marigayi suke kirana, kuma in za mu tashi sai direba ya ɗora mini bido, jarkar ruwa, a cinya, ya ce, "Wannan ba ta da mai ita."

Abin da na koya: in na sake zuwa ƙasar Fir'auna, duk abin da na gani a ƙasa ɗauka zan yi. Mai ita ya biyo ni Gure.