Riga Biyu ta Mai Teku Ɗaya

"...lafiya lau, amarya, sai kewar mummunar fuskarki," in ji Tela, yana miƙa wa jikarsa ɗinkinta cikin alfahari.

Gobe za ta fito a wasan makaranta kan gumakan mutanen dā. Shuɗin yadi ɗaya aka kawo masa, shi kuwa ya yi abin da yake ganin hikima ce: ya raba shi ya fitar da riga biyu. Ta ɗaga ta farko ta kara a jiki. Iyakarta cibiya.

"Tsohon miji, wa ka ɗinka wa wannan? Mage?"

"Ke kika ce Fosaidon, mai teku. Uwarki ta zo ta ce Naftun, mai teku. Na ga maza biyu, na yi adalci."

"Ai ɗaya ne. Girkawa su ce Fosaidon, Rumawa su ce Naftun."

Tela ya cire tabarau ya goge, ko maganar za ta fito sosai. Ba ta fito ba.

"Wa ne da ƙane?"

"A'a."

"To ɗaya ya mutu ɗaya ya gaji tekun?"

"Ba wanda ya mutu, Kaka. Babu su ma gaba ɗaya."

Nan lissafi ya ƙwace masa. Mutum babu shi, ga suna biyu, kuma har ya ci masa yadi.

"Duba," ta ce, "Mama na ce maka Baba, ni in ce Kaka, masu ɗinki su ce Tela. Kai uku ne?"

"Da uku ne ni, da kwano uku ake kawo min. Ke da ko ruwan zafi sai kin ƙona."

"Kai da ko zare sai maƙwabta sun zura maka. Gobe in fito da rabin riga, in ce mijina ne ya ɗinka. Har sunan shagon zan faɗa."

Ya ga idonta ya fara kawo ruwa a bayan dariyar. Ya dubi rigunan, ya dubi shuɗin labulen ƙofar shago, wanda ya girme ta. Ya tashi da ƙyar ya zare shi daga ƙusa, yana dariya.

"Zo in gwada ki. Amma tsaya, akwai wasu masu tekun?"

"Misrawa ma suna da na ruwa..."

"Wannan ya nemi telansa. Labulena ɗaya."