Ranar da Alhaji Ɗangoggo Ya Buɗe Teku

Wani mutum ne a kasuwar kifi ta Kano, Alhaji Ɗangoggo. Bandar kifi yake sayarwa, amma bakinsa ya fi rumfarsa ciniki. Kullum zancensa guda: shi jinin Sarkawan Yawuri ne, kakansa da suna yake kiran kada, dorina kuwa a bayanta ya koyi zama.

"Ni da ruwa? Ai uwa da ɗa ne," in ji shi.

Ya yi ta faɗa har 'yan kasuwa suka yanke za su naɗa shi Sarkin Ruwan kasuwa bayan Sallah. Alhaji har ya sayi rawani ya ajiye. Mutum ɗaya ne ke ta murmushi: taubashinsa Namadi, wanda ya san gidansu tun daga zaure har murhu.

Ana nan sai ƙungiyar 'yan kasuwar ta shirya yawon buɗe ido. Daga Legas za a hau babban jirgin ruwa zuwa wasu tsibirai can cikin teku, a ga tsuntsaye da birai da manyan kififiyu, wato kunkurun ruwa. Alhaji ya so zillewa, ya ce ƙafa na damunsa. Hajiya Talle, shugabar mata masu kifi, ta ce, "Haba Alhaji, a je ruwa ba mai ruwa?" Dole ya hau.

Jirgi na tashi, amai ya taso masa. Ya rungume ƙarfe, kwaaa!

"Lafiya, Sarki?" in ji Namadi.

"Sadaka nake ba mutanen ruwa. Al'adarmu ce."

Kwana uku yana wannan sadaka.

Da aka hango tsibiri, jagorar tafiyar, Madam Bose, haifaffiyar Sabongari mai Hausa kamar jakin Kano, ta fara raba rigar ceto kafin a sauka cikin kwalekwale. Ta miƙa wa Alhaji. Ya ture hannunta.

"Ni? Ki ba kifi lema mana!"

Aka yi ta tafi. Shi kuwa gogan naka, sai ya shiga waige-waige. Ya ce bari ya kama ruwa, ya zagaya ɗakin ma'aikatan jirgi, ya ga wata 'yar siririyar rigar ceto a rataye, ba ta da kauri ko kaɗan. Ya ɗaura ta a ƙarƙashin babbar riga, ya fito yana taƙama. Abin da bai sani ba, irin wadda ke hura kanta ce da zarar ta jiƙe.

Kwalekwale ya matso gaɓa, aka kashe inji. Ruwa garau, farin yashi, tsuntsaye fal a sama. Mutane za su fara sauka, sai Namadi ya ɗaga hannu.

"Ku tsaya, jama'a! A ƙasar Sarkawa ba mai taka ruwa sai Sarkin Ruwa ya shiga ya buɗe shi. Ko ba haka kake faɗa mana ba, Alhaji?"

Haka kuwa yake faɗa, sau ba adadi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Hajiya Talle ta ɗaga waya tana ɗauka, mata suka rangaɗa guɗa.

Alhaji ya miƙe. Ya yi gyaran murya: "Ruwa, ga ɗanka! Na Yawuri, ƙi-gudu, jikan mai..."

Santsi ya kwashe shi. Tsundum!

Fuuuu! Riga ta tashi. Nan take Alhaji ya kumbura ya zama gora, wuya ya shige, babbar riga ta baje a kan ruwa, hula ta kama gabanta. Ga shi rigingine, ƙafafu na harbin iska. Daidai nan wata kififiya, ba ruwanta da kowa, ta zo wucewa ta goge shi a cinya.

"Wayyo Allah! Kada! Ya kama ni! Namadi, don girman zumunci!"

"Kira shi da suna mana, kamar kaka!" in ji Namadi.

"Wane kaka? Ai ka san kakanmu! Raƙuma yake kiwo a Maigatari! Wallahi ko rijiya ba na leƙawa! Na yafe rawanin, ku cece ni!"

Wayar Hajiya Talle na nan a sama.

Madam Bose ta tuɓe takalmi, ta sauko, ta tako a hankali har inda yake. Ruwan bai ko jiƙa bakin siket ɗinta ba. Ta dube shi, ta dubi rigar ma'aikatanta da ta leƙo ta wuyansa, ta ce:

"Ranka ya daɗe, in ka gama buɗe mana tekun, tashi tsaye. Iya gwiwa ne."