Ni Ne Na Kashe Injin Hoton Baya

Yau da safe Habsa mai koko ta hana ni koko. Ni, Garuba, da na ɗauki huhun goro a garin Kumasin nan tun uwarta na goye! Na miƙa kwano, ta kau da kai.

"Baba, je ka sha a wurin gurunka. Mijina wata da watanni yana jan ƙafa yana jiran injin nan, ka je ka kashe mana shi."

To jama'a, ku zo ku raba mu.

Kun san ban shiga aji ba, amma babu abin da bai gwada ni ya bari ba. Lori ta kife da mu a hanyar Salaga, na fito ina tauna goro. Gobara ta ci rumfarmu, ba ta ci gemuna ba. Sirrin kuwa guru ne na gado, mai zobban ƙarfe, wanda ban taɓa kwancewa daga ƙuguna ba, ko ranar angwanci. Sai da tsufa baya ya yi mini tawaye. In na tsaya, ƙafafu su mutu kamar na aro. In na sunkuya, su dawo. A masallaci har an fara cewa Garuba ya zama waliyyi, don daɗewar da nake yi a ruku'u.

Likita, yaro mai ladabi, ya ce hanyar da laka da jijiyoyi ke bi a ƙashin bayana ce ta tsuke, kamar lungun unguwarmu Zongo da kowa ya ƙara shago. Hoton ƙashi irin na da ba ya nuna jijiya, sai na wani inji wai shi em-ar-ai, shi ke nuna inda ta matse. Daga nan a san ko motsa jiki ne magani, ko allura, ko wuƙa. Ya ce ba hoto, ba zai taɓa ni ba, in kuma na yi sake, watarana ƙafafun su tafi ba dawowa.

Injin akwai shi, a wani asibiti da ba zan kama suna ba. Allah ya ja zamanin manyanmu, sau biyu ana bikin buɗe shi, amma duk wanda ya je sai a ce ya dawo mako mai zuwa. Da zaɓe ya ƙarato, aka ce Onarabul Mai Almakashi zai sake buɗe shi, ana neman majinyaci mai kwarjini. Duk Zongo wa za su ɗauka in ba ni ba?

Ranar bikin, nas ta ce injin mayen ƙarfe ne, ko allura ya gani sai ya fizge ta. "Baba, akwai ƙarfe a jikinka?" Na cire agogo, na ajiye makulli. Guru kuwa, ina kunkuru ya taɓa barin ƙoƙonsa a bakin ƙofa? Na ja riga na rufe abina.

Aka tura ni cikin ramin injin ina ta salati. Shiru kake ji. Guru ko motsi bai yi ba. Onarabul ya yanka zare, aka tafa, 'yan talabijin suka ɗauka, aka jawo ni waje. Sakamako? Mako mai zuwa.

Kafin trotro, motar hayarmu, ta sauke ni a gida, duk wanda ke ciki ya ji labari: injin Bature ya gamu da gurun Garuba, ya sume.

Maƙwabcina Zuberu, wanda ba ya ƙaunar ganin mutum cikin farin ciki, ya tare ni a dakali.

"Sarkin Dako, na gan ka a talabijin. Almakashin da Onarabul ya riƙe a bakin injin, na kara ne?"

"Na ƙarfe ne."

"Bindigogin masu gadinsa fa?"

"Wataƙila su ma suna da nasu gurun."

"Kai, tsohon banza! Injin nan gawa ta fi shi rai. Tanda ka shiga wadda ba a taɓa hura wa wuta ba."

Na ce hassada ga mai rabo taki ce. Na ci gaba da ba da labarina, har wani ɗan rediyo ya zo ya naɗa.

Ashe baki shi ke yanka wuya. Ana gama zaɓe sai ga sanarwa: injin lafiyarsa lau, wani dattijo ne daga Zongo ya shiga da kayan tsibbu ya lalata shi. An kafa kwamiti, kwamiti ya tashi Turai ya koyo gyara, da matansa. Kai, Allah ya ƙara wa manyanmu basira! Shekara da shekaru suna neman wanda za su ɗora wa kayan nan, sai ga tsohon ɗan dako ya kawo kansa har da gammo.

Na ja ƙafa na koma asibitin in warware. Kun san nauyin mutum kamata ya ce gurun kakansa bai yi komai ba? Na faɗa, da bakin nan nawa. Babban jami'in ya dafa mini kafaɗa.

"Haba Baba, kada ka raina kanka. Mu shaida ne a kan ƙarfinka."

Tun da uwata ta haife ni ba a taɓa gaskata cika bakina ba sai ran nan.

Yanzu daga ƙofata zuwa bakin titi sai na huta a kowane dakali. Likita har gobe hoto yake jira. Onarabul kuma, an ce shi ma baya ya motsa masa, yana can ƙetare ana duba shi. Allah ya ba shi lafiya, baya ai ba ɗaya ba ne.

Saboda haka, manyanmu, ga tayi. Duk mai famfon da ba ruwa, ko titin da ya tsaya a allon sanarwa, ko gadar da ba ta kai tsallake ba, ya aiko. Zan zo da guruna in tsaya kusa, ku ce ni ne. Sai dai ku turo mota, ku kuma gaggauta, don ƙafafun da zan tsaya muku da su sun kusa ƙarewa.