Ranar da Na Yi wa Darakta Wanka da Tukunyar Kashe Gobara

Ko tsufa ya sa na manta lambar wayata, ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ina da shekara biyu da kama aiki a wani ofishin gwamnati a Dutse. Har yau idan na hango jar tukunyar kashe gobara a rataye a banki ko a gidan mai, sai in ɗan ratse gefe kamar wanda ya hango surukinsa a hanya.

Bari in fara da laifina, don kada ku ji shi a bakin wani. An taɓa tura ni Kano bitar kwana uku a kan yadda ake kashe gobara a ofis. Ranar farko na je, na sa hannu a rajista, na ci shinkafar da aka raba. Rana ta biyu sai ta yi daidai da ɗaurin auren wani abokina a garinmu Ringim. Na ce a raina, wuta ai ba baƙuwa ba ce, wa bai san ruwa ke kashe ta ba? Na sulale. Rana ta uku na dawo ana tsaka da rabon takardar shaida, na karɓi tawa, har da ɗaukar hoto. (A hoton nan ni na fi kowa washe baki.) Da na koma Dutse aka sa takardar a fayil ɗina, aka kuma ɗora mini kula da duk kayan kashe gobara na ofis. Ana ce mini "gwani" ina amsawa, ko kunyar Allah ban ji ba.

To, a aikin gwamnati sai ka shekara biyu ana gwada ka kafin a tabbatar da kai. Shekaruna biyu sun cika, waɗanda muka shigo tare duk an tabbatar da su, ni kuwa fayil ɗina yana kan teburin Darakta, sa hannunsa kawai ake jira. Duk Juma'a sai mahaifina ya bugo daga Ringim, ko gaisuwa ba mu gama ba zai ce, "An sa hannun?" In ce, "Saura ƙiris, Baba."

Ranar Litinin Darakta ya kira ni. Mutum ne mai magana a hankali, wanda ba ka taɓa gane fushinsa sai ya riga ya yanke hukunci. Ya ɗora tafin hannunsa a kan fayil ɗina ya ce, "Jibi jami'in kashe gobara zai zo duba mu. Kai ne masaninmu. Ka fitar da mu kunya, yana tafiya in sa maka hannu."

Na ce, "In sha Allahu, ranka ya daɗe." Na fito.

Kwana biyun nan ban san ɗanɗanon abinci ba. A gida matata ta zaci zazzaɓi ne, har ta jiƙa mini sabara. Na duƙufa kallon bidiyo a waya, na haddace yadda ake yi da tukwane irin na yanzu: ka zare fil, ka saita tiyo a gindin wuta, ka matsa hannu. Muna da irinsu guda huɗu, duk na goge su har suna ƙyalli. Matsalar ita ce ta biyar, wadda ke tsaye a lungun ofishin Darakta. Doguwa ce, ja, mai nauyin tsiya, ba ta da fil, ba ta da hannun matsawa, ba ta da agogon awo, rubutun jikinta kuma ya goge. Na bincika waya har idona ya yi ja, ban ga mai kama da ita ba.

Mutum ɗaya ne ya san ta, Baba Bulus mai kula da sito. Dattijo ne mutumin Filato, yana cikin ma'aikatan da aka kwaso daga Kano lokacin da aka ƙirƙiro jiha, kuma ya ce a mota ɗaya suka zo Dutse da tukunyar nan. Tsohuwa yake kiranta. Duk shekara sai ya rungume ta a tsaye ya kai bayan sito, ya buɗe, ya wanke, ya sake cika ta, ba tare da wani ya sa shi ba. Mu matasa dariya muke masa, muna cewa Baba zai yi wa amaryarsa wanka.

Ranar Talata, Darakta ya fita taro, Baba Bulus ya same ni tsugune gaban Tsohuwa ina harararta.

Ya ce, "Ɗana, ka san hannunta kuwa? Wannan ba irin na yanzu ba ce. Zo in nuna maka, minti biyar ya isa."

Wallahi zuciyata ta ce in amsa. Amma sai tsoro ya raɗa mini cewa idan na tambaya, asirina ya tonu: ƙila a rana ta biyun nan da na gudu aka koyar da ita, Baba zai gane, maganar za ta kai kunnen Darakta. Sai na miƙe na kakkaɓe wando na ce, "Haba Baba, duk an koya mana a Kano."

Ya ce, "To madalla. Abu ɗaya dai, kada ka..."

Na katse shi. "Na sani, Baba, na sani."

Ya dube ni, ya gyaɗa kai ya ce, "To, Allah ya taimaka." Ya tafi abinsa.

Ranar Laraba na sa farar shaddata. Kafin ƙarfe goma na zaga bayi sau uku. Jami'in ya iso, wani ƙaƙƙarfa mai gashin baki, riƙe da littafi. Muka bi tukwane huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, ina zuba bayani kamar ni na ƙera su, yana gyaɗa kai yana rubutu. Har na fara jin iska na shiga ƙirjina. Na yi ta addu'a Allah ya sa ya manta da ofishin Darakta. Ina! Darakta da kansa ya leƙo, cikin sabuwar babbar riga shuɗiya (daga nan wani taro zai wuce), ya ce, "Bismillah, ku shigo, akwai ɗaya a nan."

Jami'in na ganin Tsohuwa ya riƙe baki. "Kai! Har yanzu akwai irin wannan? Yaushe rabon da a duba ta?"

Ni ya kalla. Darakta ma ni ya kalla. Baba Bulus yana tsaye a bakin ƙofa, hannuwansa a baya. Jama'a, abin da ya rage mini kawai in juya in ce, "Baba Bulus ne ya sani." Kalma biyar! Amma gwani ba ya tambaya. Na zagaya tukunyar ina neman inda aka rubuta kwanan watan da aka duba ta, babu. Can sai wata dabara ta faɗo mini: ai ko gwangwanin madara a gindinsa ake buga kwanan wata. Na leƙa ƙasa, sai ga wani ɗan mariƙi a gindinta, kamar an yi shi ne don a kama a juya. Na ce alhamdulillahi. Na tattara ƙarfina, na ɗaga ta, na kifa ta.

Jami'in da Baba Bulus suka haɗa baki, "A'a!"

Bari in tsaya nan in gaya muku abin da Baba ya so gaya mini a minti biyar. Cikin tukunyar ruwa ne da aka narka soda a ciki. A sama kusa da bakinta akwai wata 'yar kwalbar asid mai sako-sakon murfi. Muddin tana tsaye, ba ruwan wani da wani. Kana kifa ta murfin zai faɗi, asid ya gamu da soda, iska ta taso da ƙarfi, ta rasa hanyar fita sai ta tunkuɗo ruwan ta tiyo. Wato kifawar ita ce kunnawar. Kuma ba a yi mata makashi ba, sai ta amayar da duk abin da ke cikinta.

Na ji ta yi wani ƙugi a hannuna kamar cikin da ya sha tsamiya. Tiyon ya yi tsalle. Ruwan farko fanka ya samu, fanka kuwa ta yi adalci, ta raba wa kowa rabonsa. Na biyu ya tafi da hular Darakta. Na kai hannu in cafke tiyon ya zille, ya share teburin daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Da na samu na kama shi, sai na toshe bakin da babban yatsa, ruwan ya tsage gida biyu, rabi a fuskata, rabi a ƙirjin babbar riga.

Darakta, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya daka tsawa, "Kashe ta mana!"

Na ce, "Ranka ya daɗe, makashin nake nema!" Ina salati, ina rawa da tukunya a tsakiyar ofis.

Baba Bulus ne ya tako a natse, ya karɓi tiyon daga hannuna, ya saita shi ta taga. Muka tsaya muna kallo tana ba darbejiyar waje ruwa har ta gaji ta yi shiru. Duka-duka abin bai fi minti ɗaya ba, amma ni na ga kamar an yi damina guda.

Ruwa na ta ɗiga daga fanka. Darakta ya cire tabarau ya goge da jiƙaƙƙen hannun riga. Ya sa yatsa biyu ya ɗago wani fayil da ke tsiyaya.

"Wannan na waye?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Abin da aka koya maka a Kano ke nan?"

Nan fa na karye. Na durƙusa a cikin ruwan nan na fara zuba, ba wanda ya matsa mini: yadda na gudu rana ta biyu, da ɗaurin auren Ringim, da yadda na dawo na karɓi takarda. Na ce na tabbata a ranar aka koyar da irin wannan tukunya, a yafe mini.

Jami'in yana matse littafinsa yana danne dariya ya ce, "Malam, ai ko kwana talatin ka yi a bitar ba za ka ji labarinta ba. An daina koyar da irin wannan tun tuni. Da ka ce ba ka san ta ba, ba wanda zai ga laifinka."

Darakta ya juyo a hankali ya ce, "Au. Ashe ma ba ka zauna ba?"

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na yi mata godiya.

A baranda aka shanya fayil ɗina, takarda bayan takarda, an danne da duwatsu, duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya karanta. Takardar shaidar bitar tana tsakiya, tawadarta ta zube. Darakta ya ɗage sa hannu da wata shida, ya ce in koma bita in zauna a layin gaba, sannan in riƙa bin Baba Bulus sito ina koyo. Ranar Juma'a mahaifina ya bugo ya ce, "An sa hannun?" Na ce, "Baba, takardar ce ba ta bushe ba." Ban yi ƙarya ba, amma ban ji daɗin kaina ba. Sunan "gwani" kuwa ya mutu a ranar, Sarkin Ruwa ya gaje shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne jami'in ya rubuta a ajiye Tsohuwa, kada a sake cika ta. Na sami Baba Bulus a bayan sito yana yi mata wankan ƙarshe. Na tsuguna na ce, "Baba, ka yafe mini. Ka so ka nuna mini na ƙi, ga shi na raba ka da ita."

Ya ci gaba da goge ta, sannan ya yi murmushi. "Kada ka damu, ɗana. Shekara da shekaru ina cika ta, kullum ina tunanin ko za ta tashi ranar da aka neme ta. Ka ga ta tashi. Har Darakta shaida ne."

Bayan wata shida Darakta ya sa hannu, a kan takardar da ta yamutse har biro yana tuntuɓe. Fayil ɗin yana nan a kumbure, ya fi na kowa ƙiba a kabad, duk sabon ma'aikacin da ya tambayi dalili sai a turo shi wurina. Ni kuwa tun daga ranar, ko randa aka ce in matsar, sai na nemi mai ita na ce, "Baba, ta ina ake kama ta?"