Ranar Da Na Yi Wa Baba Kyaftin Ƙarin Girma

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da aka yi taron cikar Baba Kyaftin shekara casa'in. Har yau idan na tuna, sai in ji zufa ta karyo mini.

Ni malamin Hausa ne a wata sakandare a Samaru, amma a unguwar Muchia da ke Sabon Gari na tashi. Allah ya ba ni baki, ni ma kuma na san ya ba ni (matsalar ke nan). Biki ne, walima ce, taron iyayen yara ne, ni ake miƙa wa makirufo.

Baba Kyaftin kuwa sunansa Samuel. Mahaifinsa daga kudu ya zo aikin reluwe, shi kuma a Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa daɗin ji. Tsohon sojan ruwa ne. Tun muna yara muka san shi da wata tsohuwar a-kori-kura. Mace ta fara naƙuda, ƙofarsa ake bugawa. Kwata ta toshe da damina, shi ne na farkon fitowa da shebur. Idan kuwa rasuwa aka yi, kafin a gama sanar da dangi ya riga kowa isa maƙabarta da digarsa, ko ta Musulmi ce ko ta Kirista. Sai da gwiwa ta gaza ya daina.

Saura sati uku taron, 'yarsa Anti Grace, wadda nas ce mai ritaya, ta kira ni. Ta ce, "Malam, kai za ka karanta tarihin Baba. Ka zo gida ka zauna da shi, ya ba ka labari da bakinsa."

Na ce, "An gama, Anti."

Ban je ba. Da farko na fake da duba takardun jarrabawa, daga baya na ce a raina, mutumin da na sani tun ina yawo ba wando, me zai gaya mini sabo? Sai ranar Juma'a da safe, ana gobe taro, na zauna a ofishin malamai da biro a hannu, na gane cewa ban san komai ba game da shekarun da ya yi a soja. Abu biyu kawai na riƙe: ya yi aikin jirgin ruwa lokacin yaƙin basasa, kuma ana ce masa Kyaftin. Sauran na cike da kaina. (Ni da ko kwalekwale ban taɓa shiga ba.) Na kuma ji an ce kunnen Baba ya yi nauyi. Allah ya yafe mini, har da wannan na dogara.

Ranar taro aka kafa rumfuna a ƙofar gidansa, layin ya cika. Ga fasto, ga limamin unguwa, ga tsofaffin sojoji da lambobinsu a ƙirji, ga mata da yaran da aka kusa haifa a bayan motarsa, yanzu sun zama magidanta. Baba na zaune a tsakiya cikin fararen kaya, sandarsa a kan cinya.

Na miƙe da babbar rigata na gyara murya. Na ce yau muna gaban zakin teku, kyaftin ɗin da ya ja ragamar jirgin yaƙi cikin tsawa da igiyar ruwa. Aka tafa. Na ce shi kaɗai ya tsaya a bakin igwa bayan kowa ya ja da baya. Aka sake tafawa. A takardata jirage uku na rubuta ya nutsar, amma da tafin ya yi mini daɗi sai na mayar da su biyar, da duk mutanen da ke cikinsu.

A nan ne Baba ya ɗaga sanda.

"Malam, dakata. Ba ni abin maganar nan."

Na kai masa da rawar jiki, ina zaton godiya zai yi.

Ya ce, "Wannan mutumin da kake ba da labarinsa, ina son a nuna mini shi, don ni ban san shi ba." Wasu suka yi dariya, suka ga shi bai yi ba, suka daina. "Kyaftin da kuke ce mini, na ƙungiyar ƙwallon 'ya'yan reluwe ne. A jirgi ni mai taimakon likita ne. In wanke ciwo, in ɗaure rauni, in ɗauki gawa. Ban taɓa harbin kowa ba. Ɗana, shekarata casa'in, na kusa zuwa gaban Ubangijina. Kada ka ɗora mini jinin da ban zubar ba."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na yi mata godiya. Ina tsaye a tsakiyar fili da takarda a hannu, ba dama in zauna, ba dama in gudu.

Baba ya ci gaba, kowa na ji. Ya ce su biyu suka bar Sabon Gari a jirgin ƙasa zuwa Legas, shi da amininsa Garba, ba wanda ya taɓa ganin teku a cikinsu. Mahaifiyar Garba ta raka su har tasha, ta kama hannun Baba, wanda take kira Sama'ila, ta ce, "Sama'ila, ga ɗan'uwanka nan, ku dawo mini tare." Wata rana aka buɗe wa jirginsu wuta a bakin wani kogi, aka kawo masa Garba. A hannunsa ya cika. Suka binne shi cikin gaggawa a gaɓar ruwa, ramin ko ƙugu bai kai ba, domin ƙasar duk laka ce.

"Da na dawo," in ji Baba, "na je na durƙusa gaban Inna, mahaifiyar Garba. Ba ta yi kuka ba. Tambaya ɗaya ta yi mini: an yi masa kabari mai kyau? Na ce mata e. Ƙarya na yi. Tun daga ranar na ce muddin ina da ƙarfi, ba wanda za a binne a unguwar nan cikin ramin da bai isa ba. To, kun ji tarihin. Babu jirage biyar."

Ba wanda ya tafa. Liman, wanda ashe ƙanin Garba ne, ya cire tabarau ya rufe fuska da hannun riga. Shi ma ranar ya fara jin maganar ramin. Ya taso ya zo ya zauna a ƙasa kusa da ƙafafun Baba, ya ce, "Yaya, ka biya. Mun yafe, Inna ma ta yafe." Matan da ke bayana sai sharar hawaye suke yi.

Can Baba ya miƙo mini makirufo ya ce, "Ci gaba, Malam. Ka tsallake wurin yaƙin."

Na duba takardata. Idan aka cire wurin yaƙin, layi biyu suka rage. Na karanta su da muryar ɗan firamare, na koma can ƙarshen rumfa. Shinkafar da aka kawo mini ko cokali ban sa ba. Anti Grace ta zo wucewa, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Sati uku na ba ka."

Washegari bayan an taso daga coci na je na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya dube ni ya ce, "Da ba ka yi shirmen nan ba, da maganar Garba zan mutu a ciki. Amma kada ka sake. Lahadi mai zuwa ka zo da littafi."

Shekara biyu na yi ina zuwa duk Lahadi, ina rubuta abin da ya faɗa, yana sa ni maimaitawa don kada in ƙara gishiri. Ya rasu yana da casa'in da biyu, da safe, bayan ya sha kokonsa. Littafin yana hannun Anti Grace.

Abin da na koya shi ne, ƙarya ko ta yabo ce, kaya ce kake ɗora wa mutum ba da izininsa ba. Yanzu idan aka ce in gabatar da wani a taro, sai na je har gida na tambaye shi komai, kuma abin da ya yi kawai nake faɗa. Shi ya sa masu gayyatata suka ragu sosai.